Mutum takwas a fili ɗaya: yadda muka gina ƙaramin kamfanin wasan intanet

Duk ƙaramin kamfanin da ya ce zai yi wasan da mutane ke bugawa tare ta intanet, ya ɗauki aiki biyu ne a lokaci guda. Akwai ƙera wasan kansa, akwai kuma riƙe hidimar da ke bayansa dare da rana. Namu ya fara da mutum huɗu: biyu masu rubuta kod, ɗaya mai zane da motsin halittu, ɗaya mai tsara dokokin wasa, wanda daga baya shi ne ya koma amsa ƙorafin jama'a. Sauti da kiɗa haya muka yi. Wasan na harbi ne, huɗu da huɗu, zagaye ɗaya minti 10. A riƙe waɗannan lambobi biyu, takwas da goma, domin kusan duk lissafin da zai biyo baya a kansu ya ratayu.

'Yan tsiraru sun sha yin irin wannan aiki tun kafin mu. Tibia ɗalibai ne a Jamus suka fito da shi a 1997, sai a 2001 suka kafa CipSoft a Regensburg. RuneScape kuwa Andrew Gower da ɗan'uwansa Paul suka sake shi a 2001, yana gudana a cikin burauza da Java. Sai dai su sun shigo lokacin da fili yake a buɗe. Yau ɗan wasa yana da dubban wasanni kyauta a gabansa, kuma ba ya jiran kowa.

Takarda muka fara yi kafin kod. Yarjejeniya a rubuce cewa duk abin da aka ƙera na kamfani ne, ba na wanda ya rubuta ba. Kason mallaka kuma ba a ba da shi gaba ɗaya ranar farko, a hankali yake nuna cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara guda ba ya tafiya da komai. Wannan tsari ne sananne a ƙananan kamfanonin fasaha, kuma amfaninsa shi ne ranar da wani ya gaji ya ajiye aiki, wasan ba ya mutuwa da rigima. Duk wanda aka ɗauka haya, ko waƙa ɗaya ya yi, ya sa hannu cewa ya miƙa haƙƙinta. Haka ma salon rubutun da ke kan allon wasa da kowane sautin da aka sayo, a adana takardar izininsu a wuri ɗaya.

Batun inji, wato manhajar da ake gina wasa a kanta, ba mu daɗe a kansa ba. Unreal yana karɓar kashi 5 cikin ɗari bayan wasa ya tara dala miliyan ɗaya. Godot kyauta ne baki ɗaya. Unity ya girgiza masu ƙera wasanni a Satumbar 2023 da shirin cajin kuɗi kan kowace saukewa, sannan ya soke shirin a Satumbar 2024. Abin da ya fi farashi muhimmanci a wajenmu tambaya ɗaya ce: shin injin zai iya gudana a kan Linux ba tare da allo ko katin zane ba? In ba zai iya ba, babu sabar mai araha, wato kwamfutar tsakiya da 'yan wasa ke haɗuwa ta kanta. Mun gwada wannan tun kafin a zana ko da bishiya ɗaya.

Wa ke riƙe da gaskiya

Shawarar da ba a iya sauyawa daga baya ita ce wace na'ura ce maganarta ke zama hukunci. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Na farko, a mai da ɗaya daga cikin 'yan wasa mai masauki, sauran su haɗu da kwamfutarsa. Ba ka biyan kuɗin sabar, amma mai masauki ba shi da jinkiri ko kaɗan, ya fi kowa dama, in kuma ya fusata ya kashe kwamfuta kowa ya watse. Ga kuma matsalar NAT: yawancin rautocin gida ba sa barin saƙo ya shigo daga waje sai an yi dabarar huda, wasu ma dabarar ba ta cin su, dole sai an bi ta sabar tsakiya. Na biyu, kowace na'ura ta lissafa wasan daidai wa daida, umarnin 'yan wasa kawai ake aikawa, kamar yadda Age of Empires ya yi har ya motsa ɗaruruwan mayaƙa a kan layin tarho. Wannan yana son lissafin ya fito iri ɗaya a kowace na'ura har ɗigo na ƙarshe, alhali lambobi masu ɗigo sukan ɗan bambanta daga wani injin sarrafawa zuwa wani. Bambancin da ido ba ya gani a minti na farko, kafin minti na biyar ya mai da wasan gida biyu.

Na uku muka ɗauka: sabar ce kaɗai mai hukunci. Na'urar ɗan wasa ba ta cewa "ina nan" ko "na harbi wane". Abin da take faɗa kawai shi ne "na danna gaba, na juya kaza, na ja kunama". Sabar ce ke lissafa sakamako ta sanar da kowa. Ya fi tsada, amma shi ne ke rufe rabin ƙofofin maguɗi tun daga tushe.

Samfurinmu na farko akwatuna ne masu launi suna yawo a fili mara ado, amma tun a ranar ta hanyar sabar suke magana. Masu cewa bari mu gama wasan na mutum ɗaya tukuna, sai mu ɗora masa intanet daga baya, yawanci sake rubuta shi suke yi daga farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TCP, tsarin aika saƙo da aka fi sabawa da shi a intanet, ba ya dacewa da motsi. Shi alkawarinsa komai zai iso kuma a jere, don haka idan fakiti ɗaya, wato ƙullin saƙo, ya ɓata a hanya, duk na bayansa sai su tsaya har a sake aiko shi. Ɗan wasa sai ya ga allo ya daskare, can kuma komai ya zubo lokaci guda. Mu kuwa ba ruwanmu da inda abokin gaba yake rabin daƙiƙa da ta wuce, na yanzu muke so. Saboda haka UDP muka bi, tsarin da ba ya jiran fakitin da ya ɓata, muka ɗora masa ƙaramin tsari namu: kowane fakiti da lambarsa ta jeri, kowane kuma yana ɗauke da shaidar waɗanda suka iso daga ɗaya ɓangaren. Abin da tilas ya isa, kamar mutuwar ɗan wasa ko ƙarewar zagaye, ana ta maimaita shi har sai an ga shaida. Girman fakiti ba ma bari ya haura bait 1,200. Iyakar da aka saba ita ce 1,500, amma wasu hanyoyin sun fi haka ƙunci, kuma fakitin da aka tsaga biyu, in rabi ya ɓata duka ya ɓata.

Sabar tana lissafa duniya sau 60 a daƙiƙa, wato kowane lissafi, da muke kira bugu, yana da milisakan 16.6. Hoton halin da ake ciki kuwa sau 20 take aikawa, ɗaya a kowane bugu uku, tazarar milisakan 50. Manyan wasanni sukan wuce haka, Valorant yana da bugu 128, amma kowane ƙari kuɗi ne, kuma 'yan wasanmu ba su taɓa gane bambancin ba matuƙar abubuwa ukun da ke tafe suna aiki.

Na farko hasashe ne. Idan sai sabar ta amsa sannan jikinka zai motsa, mai jinkirin milisakan 100 zai ji kamar yana tafiya cikin taɓo. Don haka na'urarka tana motsa ka nan take, tana kuma ajiye jerin umarnin da ta aika. Sabar in ta amso sai ta ce: ga inda kake bayan umarni mai lamba kaza. Na'urarka ta mai da kai wurin, ta sake kunna sauran umarnin da ba a tabbatar ba, duk a cikin ƙiftawar ido. In lissafin biyu ya dace, ba ka ganin komai. Wannan dabara ta shahara ne tun QuakeWorld a 1996. Inda take lalacewa shi ne idan kod ɗin motsi na sabar ya bambanta da na na'ura, ko da a tsarin wane ake fara lissafawa tsakanin tsalle da karo da bango. Nan ne ɗan wasa ke jin ana fizgo shi baya. Maganinsa fayil ɗaya tak na motsi, ɓangarorin biyu su yi amfani da shi, kuma tsawon bugu ya zama tsayayye, kada ya bi saurin allo. Kowane fakitin umarni kuma muna cusa masa umarni huɗu na baya, ta yadda ɓacewar ɗaya ba ta barin rami.

Na biyu cike gurbi ne ga sauran 'yan wasa. Su ba a hasashensu, domin ba ka san abin da za su danna ba. Ana nuna maka su ne a baya da milisakan 100, ana zana motsinsu tsakanin hotuna biyu da suka riga suka iso. Milisakan 100 hoto biyu ke nan, in ɗaya ya ɓata akwai na gaba. Haka injin Source na kamfanin Valve ya saba yi, kuma ba mu ga dalilin ƙirƙiro wata lamba ba.

Na uku shi ne ya fi jawo surutu. Tunda a baya kake ganin abokin gaba, in ka saita kansa ka harba, a wajen sabar ya riga ya wuce. Don haka sabar tana ajiye tarihin inda kowa yake na daƙiƙa guda, harbi in ya iso sai ta mai da kowa inda mai harbin ya gan su, ta duba ko ya samu. Yahn Bernier na Valve ya yi bayanin wannan tun 2001. Farashinsa kuwa wanda aka harba ke biya: ya riga ya shige bayan bango a allonsa, sai ya faɗi. Ba a kawar da wannan, raba shi kawai ake yi. Mu mun tsai da iyaka a milisakan 200, wanda jinkirinsa ya wuce haka sai ya riƙa saita gaba kaɗan. A ganinmu adalci ke nan, ko da yake duk inda ka ja layin sai wani ya ce an zalunce shi.

A cikin ofis komai lafiya yake, domin jinkiri bai kai milisakan ɗaya ba, kuma wannan lafiyar ƙarya ce. Doka muka kafa cewa ba a gwada wasa sai an lalata layi da gangan: da manhajar tc netem a Linux, da clumsy a Windows. Ma'auninmu na kullum jinkirin milisakan 120 zuwa da dawowa, rawar jinkiri, wato hawa da saukarsa, ta milisakan 30, ɓacewar fakiti kashi 2 cikin ɗari. Rawar ta fi jinkirin ɓarna. Mutum yana sabawa da jinkiri tsayayye, amma ba ya sabawa da wanda ke hawa da sauka, kuma Wi-Fi gwani ne wajen haifar da shi.

Lissafin kuɗin sabar

Wurin tsayuwar ɗan wasa, in ka aika shi yadda inji ke ajiye shi, lambobi uku ne masu bit 32, jimilla 96. Filinmu bai wuce mita 200 ba, kuma daidaiton santimita ɗaya ya wadatar. Matsayi 20,000 ke nan, bit 15 ya ɗauke su, uku su zama 45. Da irin wannan matsi, da kuma aika abin da ya sauya kawai, ɗan wasa ɗaya ya dawo kusan bait 20. Mutum takwas 160, ga kan fakiti mai ɗauke da adireshi, na IP da UDP, bait 28, ga namu kan, a ce 200. Sau 20 a daƙiƙa ya zama bait 4,000, a awa megabait 14.4 ga kowane mutum. In mutum 1,000 suna ciki ba yankewa, wata guda zai ci kimanin terabait 10. Manyan kamfanonin girgije, masu ba da hayar sabar ta intanet gwargwadon amfani, sukan caji wajen santi 9 kan kowane gigabait mai fita, wato sama da dala 900 kafin ka biya kuɗin injin kansa. Masu ba da hayar inji sukutum sukan haɗa da data mai yawa a cikin kuɗin wata. Saboda haka muka raba: nauyin yau da gobe a kan injinan haya, girgije kuwa sai ranar cunkoso.

Yawan zagayen da inji ɗaya zai ɗauka kuma da ma'auni ake sani. A ce zagaye ɗaya yana cin milisakan 2 daga cikin 16.6, a takarda ƙwaya ɗaya ta injin sarrafawa za ta ɗauki takwas. Biyar muke ɗora mata. Matsakaici ba shi ne abin dubawa ba, bugun da ya fi kowane nauyi shi ne, lokacin da kowa ya jefa gurneti tare. Masu rubuta kod da yaren C# su kula da mai share ƙwaƙwalwa: in kana ƙirƙirar sababbin abubuwa a kowane bugu, zai tsai da komai ya yi shara, duk mutum takwas su ji tuntuɓe tare. A tanadi harsasai da fakitoci tun farko, a riƙa juya su.

Nisa kuwa ba shi da magani. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 100 yana ƙara milisakan ɗaya zuwa da dawowa. Tsakanin Landan da New York, ko da layi a miƙe yake, ba za ka sauka ƙasa da milisakan 55 ba, a zahiri wajen 70 ne. Mafita ita ce sabar a yankuna daban-daban, kuma a nan ne fasaha ta yi karo da abin da ya fi ta ƙarfi, za mu zo kansa.

Rumbun bayanai PostgreSQL ne, kuma sabar wasa ba ta taɓa shi a tsakiyar bugu. Sakamako a ƙarshen zagaye ake turawa ta wata hidima dabam. Ciwon da ya addabi wasannin intanet tun zamanin farko shi ne ninka kaya: mutum biyu sun yi musaya, an adana na wanda ya karɓa, kafin a adana na wanda ya bayar sabar ta faɗi, kaya ya zama biyu. Da zarar mutum ɗaya ya gano yadda ake kayar da sabar da gangan, tattalin arzikin wasan ya tafi. Don haka cirewa da ƙarawa a ƙulli ɗaya suke, ko su shiga tare ko su fasa tare. Kowane ciniki kuma da lambarsa ta musamman, in saƙo ya iso sau biyu saboda layi ya yanke, na biyun a yi watsi da shi. Ajiyar kariya kullum ake yi, kuma lokaci-lokaci mukan dawo da ita a kan inji dabam mu ga ko tana tashi.

Shiga Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta Valve, ba wuya. Dala 100 ce ga kowane wasa, ana mayar maka bayan ya sayar da na dala 1,000. Akwai jiran 'yan makonni tsakanin biya da fitarwa, kuma shafin "yana nan tafe" sai ya yi aƙalla mako biyu a buɗe. Valve na ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Sai harajin da Amurka ke riƙewa kan cinikin da aka yi a can, wanda kan kai kashi 30 in ƙasarka ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. Ƙa'idar mayar da kuɗi ita ce ta fi shafar irinmu: wanda bai kai awa 2 yana wasa ba, cikin kwana 14, yana iya karɓar kuɗinsa. Mutumin da ya saya ya zauna minti goma bai samu abokin wasa ba, ka san abin da zai yi. Bikin gwajin wasanni na Steam, Next Fest, kuma sau ɗaya wasa ke shigarsa, saboda haka kada a kai shi sai sabar ta ƙosa. Tunda muna ajiye adireshin imel da na IP na mutanen Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 ta hau kanmu, dole akwai hanyar da mutum zai nemi a goge bayanansa kuma a goge ɗin da gaske.

Kafin fitarwa mun rubuta 'yan wasan bogi marasa allo, dubbai, suna shiga, suna yawo, suna fita. Abin da suka fara karyawa ba sabar wasa ba ce, ƙofar shiga ce. Linux a yadda ya zo yakan taƙaita kowace manhaja ga fayiloli 1,024 a buɗe, kuma kowane haɗi fayil ne a wajensa, sai an ɗaga iyakar da hannu. Na biyu ya fi wannan haɗari: sabar ta ɗan faɗi ta tashi, duk na'urori suka sake ƙwanƙwasawa a daƙiƙa ɗaya, suka sake kayar da ita. Gyaran shi ne kowace na'ura ta jira daƙiƙa 1, sannan 2, sannan 4, sannan 8, da ɗan ƙarin lokaci na kan-mai-uwa-da-wabi don kada su dawo a tare, a kuma sa layin shiga mai nuna wa mutum lambarsa. Cunkoson ranar farko ba ya barin kowa. Rocket League da ya fito a Yulin 2015, aka kuma ba da shi kyauta ga masu PlayStation Plus, sabobinsa sun durƙushe a kwanakin farko, alhali masu shi, Psyonix, sun riga sun yi irin wasan tun 2008.

Ɗakin da babu kowa

Cunkoso ciwon mako guda ne. Wanda ke kashe kamfani kishiyarsa ne, kuma lissafinsa ba ya buƙatar kwamfuta. A ce mutum 100 ne a cikin wasa a lokaci guda. Zagaye minti 10 ne, don haka duk minti mutum 10 ke dawowa layi. Cika takwas zai ɗauki daƙiƙa 48, ba laifi. To raba su yanki uku, kowane yanki salon wasa biyu: layi shida, kowane yana samun ƙasa da mutum biyu a minti, jira ya kusa minti 5. Ƙara matakin gwaninta uku, ya haura minti 14. Mutum ɗari ɗin nan dai su ne, ba wanda ya ragu, amma wasan ya mutu a idon kowannensu. Wanda ya gaji ya fita kuma ya ƙara wa na baya jira, su ma su fita. Ka tuna kuma ɗarin nan na lokacin da aka fi cika ne, da asubahin yankin ba za ka samu ko kwatansu ba. Kuɗi ma ba ya tsare wannan: LawBreakers ya fito a 2017 aka rufe shi a 2018, Concord na Sony kuwa mako biyu ya yi a 2024 aka sauke shi.

Abin da muka yi duk ragi ne. Salon wasa ɗaya a layin jama'a, sauran sai a ɗakin da abokai suka buɗe da lambar gayyata. Yanki biyu kacal da farko. Ma'aunin gwaninta na Glicko muka ɗauka, amma tazarar da ake yarda da ita tana buɗewa duk bayan daƙiƙa 15, bayan minti ɗaya kuma a haɗa duk wanda ke nan. In an kai daƙiƙa 90 ba a cika ba, 'yan wasan kwamfuta su cike gurbi, da alama a kan sunansu, mutum na shigowa ya karɓi wurin ɗaya. Ɓoye cewa na kwamfuta ne ba dabara ba ce, 'yan wasa suna ganewa, kuma ba sa yafewa. Mun sa a iya yin atisaye yayin jira maimakon kallon agogo. Mun kuma sanya sa'o'i biyu a mako da muke kiran kowa ya hallara, mu ma muna ciki. Da a ce yau za a sake zana wasan, uku da uku ya fi huɗu da huɗu sauƙin rayuwa, kuma wasan haɗin gwiwa da mutum biyu ke iya bugawa ya fi su duka, domin shi ɗan wasa ne ke zuwa da abokinsa.

Wani lokaci jama'a sukan zo a makare. Among Us ya fito a 2018, ya yi shekara biyu ba a san da shi sosai ba, sai a 2020 masu watsa wasa kai tsaye suka ɗauke shi. Masu shi, Innersloth, mutum uku ne a lokacin, har suka fasa kashi na biyu da suka sanar don su gyara na farkon. Abin da muka ɗauka daga nan na aljihu ne: kuɗin riƙe sabar a lokacin shiru ya zama kaɗan ƙwarai, yadda za a iya barin ta a kunne shekaru ba tare da ta cinye albashi ba.

'Yan maguɗi sukan iso da zarar an fara jin sunan wasa. Gudun wuce kima da ratsa bango sabar ta riga ta hana. Saura masu gani ta bango da masu saiti da manhaja. Na farko ana rage shi ta hanyar ƙin aika wurin abokin gaba sai ya kusa bayyana, abin da ba a aiko ba ba a iya sace shi. Na biyu sai da rikodin zagaye da rahoton 'yan wasa. Korarsu a tare muke yi bayan an tara su, domin in ka kori mutum nan take ka gaya wa mai rubuta manhajar abin da ya tona shi. Kuɗin sayen wasa, ko kaɗan ne, yana rage su, tunda kowace kora sai an sake biya.

Sabuntawa tana da tsarinta. Lambar sigar yarjejeniyar sadarwa tana cikin gaisuwar farko, na'urar da ta tsufa a ce mata ta sabunta, kada a bar ta ta shiga ta karanta fakiti a karkace. Tsofaffin sabobi a hana su karɓar sabon zagaye, a bar waɗanda ke ciki su ƙarasa, minti 10 ya ishe su, sannan a kashe. Lambobin daidaita makamai a sabar suke zaune, ana sauya su ba sai kowa ya sauke komai ba. Ba ma sakin sabuntawa a jajibirin hutun mako, kuma wayar gaggawa karɓa-karɓa ake yi, domin a kamfanin mutum huɗu, in mutum ɗaya ne kaɗai ya san yadda ake tayar da sabar, to ba ya da damar yin rashin lafiya. Matakan a rubuce suke, yadda mai zane ma zai iya bi.

Tun wasan yana da rai muka shirya ranar da ba za mu iya biyan sabar ba. Lokacin da aka rufe GameSpy, hidimar haɗa 'yan wasa ta intanet, a 2014, wasanni da yawa sun rasa ɓangarensu na intanet saboda jerin sabobinsu a can yake. Namu mun ware manhajar sabar yadda kowa zai iya kunna ta a injinsa, mun bar gurbin shiga ta adireshin IP kai tsaye ba tare da an bi ta ƙofarmu ba, kayan ado da mutum ya saya kuma ana ajiye kwafin jerinsu a na'urarsa. Maɓalli ɗaya ne a fayil ɗin saiti ke mai da wasan wannan yanayi, kuma yana cikin abubuwan da ake gwadawa kafin kowace sabuntawa ta fita.